Zaɓen Fawa Fak Kafin Sabunta Kwamfutar Wasa a Sakkwato

Yawancin matasan da ke shirin ƙara wa kwamfutarsu ta wasa ƙarfi sukan zuba kusan duk kuɗinsu a kan katin hoto mai sarrafa hoton da ke fitowa a fuskar kwamfuta, sannan su sayi fawa fak da ɗan abin da ya rage, wato akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sauran kayan ciki ke amfani da su. A ganina kamata ya yi a juya wannan tsari, domin katin hoto mai rauni iyakar illarsa shi ne wasa ya riƙa sarƙewa, amma fawa fak maras inganci yana iya ƙonewa ya tafi da madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kai, da katin baki ɗaya. A gari irin Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma wuta kan zo yau da ƙarfi gobe da rauni, wannan ba haɗarin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne.

Lissafin wat ba shi da wahala idan aka san abin da kowane kaya ke ci. Katin RTX 4060 yana cin wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, RTX 4070 kuwa wat 200. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Ryzen 5 5600 an ƙiyasta shi a kan wat 65, shi kuma Core i5-12400F yana iya kai wa wat 117 idan aiki ya yi masa yawa. Idan aka haɗa da madabod da RAM da SSD da fankoki, kwamfutar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan katunan da wuya ta wuce wat 350 zuwa 400 a tsakiyar wasa. Shi ya sa kamfanin Nvidia ya ba da shawarar fawa fak mai wat 550 ga RTX 3060 da RTX 4060, da mai wat 650 ga RTX 4070. Wannan rarar da aka bari tana da amfani, saboda katunan zamani sukan fizgi wuta fiye da ƙima na ɗan ƙiftawar ido, amma sayen mai wat 1000 saboda kati mai cin wat 115 asarar kuɗi ce kawai.

Babbar lambar da aka buga a jikin kwali ba ita ce abin dubawa ba. A ciro fawa fak ɗin a juya gefensa, za a ga takarda mai jadawali da ke nuna amfiya nawa kowane layi ke bayarwa (amfiya sau bolt shi ne wat), kuma layin bolt 12 shi ne ke ciyar da furosesa da katin hoto. Mai wat 550 na ƙwarai zai nuna amfiya 45 ko kusa da haka a wannan layi, wato wat 540. Wanda aka rubuta wa wat 650 amma layinsa na bolt 12 bai wuce amfiya 20 ba, ainihin ƙarfinsa wajen wasa wat 240 ne, kuma irinsa za a ji shi sakayau a hannu, wayoyinsa sirara, sau da yawa ma babu filogin katin hoto mai fil 8 ko ɗaya a jikinsa.

Tambarin 80 Plus yana nuna yawan wutar da ke isa cikin kwamfuta ba tare da ta koma zafi ba. A rabin ƙarfinsa, mai matsayin Bronze yana isar da kusan kashi 85 cikin 100, mai Gold kuwa kusan kashi 90. Idan kwamfuta tana buƙatar wat 300, na farkon zai ja kusan wat 353 daga bango, na biyun kusan 333. Bambancin wat 20 ba zai dami mai zaune kan wutar gari ba, amma mai dogaro da batirin sola zai ga amfaninsa da dare, kuma duk wannan rarar zafi ce da ke taruwa a cikin akwati. Ga mai ƙaramin kasafi, Bronze daga kamfani sananne irin Seasonic ko Corsair ko Cooler Master ya fi Gold daga sunan da ba wanda ya taɓa ji, domin tambarin bai ce komai ba game da ingancin kayan ciki, kuma buga shi na jabu ba ya da wuya.

Abin da na fi son mai saye a Sakkwato ya tsaya a kansa shi ne ma'aunin zafin da aka gwada fawa fak ɗin a kai, wanda akan rubuta a takardar bayaninsa. Wasu masu araha suna ba da cikakken ƙarfinsu ne a digiri 30 kawai, na tsakiya a digiri 40, manyan kuma a digiri 50. Ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a lokacin bazara ya riga ya wuce digiri 30 tun kafin a kunna komai, iskar cikin akwati kuma ta fi ta ɗakin zafi, saboda haka wanda aka gwada a digiri 30 ba zai ba da abin da aka rubuta a jikinsa ba, kuma kafasitocinsa za su tsufa da wuri. A nemi na digiri 40 aƙalla, a kuma tabbatar yana da kariyar da ke kashe shi idan ya yi zafi fiye da kima ko wuta ta yi yawa ko waya ta haɗu. Ƙurar hunturu ma tana ƙara dagula lamarin, don haka akwati mai ragar tace ƙura a ƙasansa, wanda aka ɗora a kan tebur maimakon a kan darduma, ya fi mai fitilu masu launi amfani.

Sai batun wutar da za ta shigo. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, amma duk wanda ya taɓa ganin ƙwan fitila ya yi ja-ja da yamma ya san ba kullum take cika ba. Fawa fak da aka rubuta masa bolt 100 zuwa 240 ya fi jure raunin wuta a kan wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240, duk da cewa sitabilaiza tana da muhimmanci a kowane hali. Mai amfani da inbata ko UPS, wato na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ya tabbatar nasa mai fitar da wuta mai santsi ne irin ta gari, domin fawa fak na zamani sukan yi ƙara ko su kashe kansu nan take a kan masu arahar da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle. A kuma lura cewa UPS da aka rubuta wa ƙarfin VA 1000 galibi wat 600 yake iya ɗauka.

Waɗanda ke da tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP daga kayan tokunbo suna da wata matsalar daban, domin da yawa daga cikinsu fawa fak ɗinsu ƙarami ne mai filogin da kamfanin ya keɓe wa kansa, wanda na kasuwa ba zai shiga gurbinsa ba. A nan zaɓi biyu ne: ko a tsaya ga kati irin GTX 1650 wanda ba ya buƙatar filogi, yana wadatuwa da wat 75 da ramin madabod ke bayarwa, ko a haƙura a haɗa sabon akwati da madabod. Ga mai neman sauƙi, madabod na AM4, wato tsohon tsarin gurbin furosesan Ryzen, yana aiki da RAM na DDR4 kuma galibi ya fi na AM5 da ya biyo bayansa araha, shi AM5 kuwa sai da DDR5. Wanda kuma ke hangen manyan katunan Nvidia masu filogin fil 16 ya nemi fawa fak na tsarin ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022, ko ATX 3.1 da ya biyo baya, kuma ya danna filogin har ya ji ya kama, domin rashin shigarsa sosai na daga cikin abin da ya jawo narkewar wasu a kan RTX 4090.

Katin hoto ko furosesa na hannu ana iya saye bayan an gwada, amma fawa fak ba na ba da shawarar sayen tsoho, saboda babu yadda za a gane shekarun da ya yi yana shan zafi ta hanyar kallo. Idan za a yi odarsa daga Kano ko kasuwar Computer Village da ke Ikeja, a nemi hoton takardar gefensa da cikakkiyar lambar samfurinsa kafin a tura kuɗi, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin da za a iya mayarwa. Idan mai cirarrun wayoyi ne, a yi amfani da wayoyin da suka zo a cikin kwalinsa kaɗai, domin tsarin fil ɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wayar wani da ta shiga ramin daidai tana iya tura bolt 12 inda bai kamata ba ta ƙone SSD ko katin da aka saya da tsada.