Gargaɗi a jikin kaya ko hani tun daga iyaka?

Hanya biyu ce gaban hukuma kan kayan da ke ɗauke da guba: ko ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikinsu, ko ta hana su shigowa kasuwa.

Gargaɗi ya fi arha, ƴan kasuwa ma sun fi son shi. Amma leƙa kasuwar Dole a nan Damagaram ka ga yadda ake sayar da kwalli: baƙin dutse mai ƙyalli, ƙulle a leda, ba suna ba takarda. A ina za a rubuta? Irin wannan kwalli dalma ce a cikinsa. Uwa ta shafa wa jinjiri a ido da kyakkyawar niyya, shi kuma ya murza ya kai hannu baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. A Zamfara, a 2010, gubarta daga wuraren sarrafa zinariya ta kashe yara sama da 400.

Hani ya fi wuya: sai ƴan duwan sun samu na'urar gwaji, ga iyakar Najeriya da ɓarauniyar hanya barkatai. Duk da haka shi na zaɓa. Haka Tarayyar Turai ta yi a 2011, ta hana BPA, wani sinadari da ake haɗa roba da shi, a bulumbotin jarirai.