Kwana goma a Rasha: Mosko da Piter ko jirgin ƙasa zuwa Baikal?

Salam ƴan uwa. Malam da ya tambaya jiya, ya ce zai je wajen ƙaninsa da ke karatu a Mosko cikin watan Yuni, kwana goma kawai gare shi, wai ya zagaya biranen yamma ko ya hau jirgin ƙasa ya nufi Sibiriya ya ga tafkin Baikal. To Malam ga yadda nake ganin abin.

Ɓangaren yamma sauƙi ne da shi. Daga Mosko zuwa Saint Petersburg, wanda su can suke ce wa Piter, jirgin ƙasa mai sauri na Sapsan awa huɗu ne ko ƙasa da haka, ka karya a Mosko ka yi azahar a can. Mosko gari ne na hada-hada, kowa sauri yake, ga fadar Kremlin ga dandalin Red Square, kuma tashoshin metro ɗinsu, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, su kaɗai abin kallo ne, wasu da fitilu masu reto da zane a bango. Babban masallacin da aka sake buɗewa a 2015 yana kusa da tashar Prospekt Mira, ranar Juma'a ka je da wuri don cika yake har kan titi. Piter kuma Sarki Peter the Great ne ya kafa shi a 1703, gari ne na ruwa da gadoji, akwai gidan tarihi na Hermitage wanda yini guda ba ya isa, kuma a Yuni ne lokacin da dare ba ya duhu sosai, ƙarfe goma sha ɗaya na dare kana ganin fuskar mutum tar, sai can tsakar dare a ɗaga gadojin kogin Neva jiragen ruwa su wuce jama'a na tsaye a baki suna kallo. Amma fa lokutan isha da asuba za su rikita ka, ka bi jadawalin masallacin garin, mai shuɗiyar ƙubba ɗin nan kusa da tashar Gorkovskaya.

Sibiriya wani lissafi ne daban. Mosko zuwa Irkutsk, birnin da ake sauka a je Baikal, ya haura kilomita 5,000, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau biyar, kuma jirgin zai ci maka kwana uku da rabi zuwa huɗu. Layin gaba ɗaya har Vladivostok a ƙarshen gabashin Rasha kilomita 9,289 ne. Abin da za ka gani ta taga yawanci bishiyoyi ne masu farin ɓawo, da fadama, da ƙauyuka na gidajen katako, sai manyan koguna irin Ob da Yenisei idan an zo gada. Gaskiya daɗin ba a tagar yake ba, a cikin taragon yake. Idan ka sayi platskart, tarago ne buɗaɗɗe mai gadaje 54 ba ƙofa, za ka ga tsohuwa ta baje kaza da dafaffen ƙwai tana miƙa maka, ga tukunyar ruwan zafi a ƙarshen tarago kowa na zuwa da kofinsa na gilashi mai mariƙin ƙarfe. Kupe ɗaki ne na mutum huɗu mai ƙofa, ya fi tsada amma salla ta fi sauƙi a ciki. Abincin halal a hanya wahala ne, sai ka yi guzuri.

Shi Baikal ɗin, wallahi ya cancanci wahalar. Zurfinsa mita 1,642, babu tafkin da ya kai shi zurfi a duniya, ruwan garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa, ko a Yuni sanyinsa sai ya sa ƙafarka tsami. Daga Irkutsk zuwa Listvyanka da ke bakin tafkin kusan kilomita 70 ne, nan ake sayar da kifin omul mai hayaƙi da zafinsa a takarda. Tsibirin Olkhon ya fi kyau nesa ba kusa ba amma zuwa kaɗai yini ne. Ka lissafa, huɗu a jirgi, biyu zuwa da dawowa Olkhon, ga awa biyar da Irkutsk ta riga Mosko, ga jirgin sama na dawowa kusan awa shida. Ina lokacin ƙanin naka?

Shi ya sa ni dai yamma nake zaɓa maka, amma ka ƙara birnin Kazan a ciki. Jirgin dare ne daga Mosko, wajen awa goma sha biyu, ka ɗanɗani platskart ɗin ba tare da ya cinye hutunka ba, ka farka a bakin kogin Volga cikin yankin Tatarstan, ga masallacin Kul Sharif a cikin ganuwar garin, naman halal ko'ina. Uku a Mosko, uku a Piter, biyu a Kazan, sauran na hanya. Baikal a bar shi zuwa Fabrairu ko Maris lokacin da ya daskare ana tafiya a kansa, idan Allah ya kai mu.

Kuma katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a can tun 2022, ka tafi da dala sababbi marasa tabo ka canza a banki, tikitin jirgi kuma ƙaninka ya saya maka da katinsa tun yanzu don gadajen ƙasa su ke fara ƙarewa.