JPEG, TIFF ko PSD: a wanne za ka ajiye hoto bayan ka gama gyara?

Ƙanena da ya buɗe situdiyo a wajen Wunti ya yi tambaya jiya da daddare. Ya ce ya gama gyaran hotunan wani biki, had dis ɗinsa ya kusa cika, wani ya ce masa JPEG lalata hoto yake yi, wani kuma ya ce TIFF cin wuri ne kawai. Wanne zai riƙe? To ƙanena, dukansu gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa rabinta ya faɗa.

JPEG tun 1992 yake, kuma babu waya ko kwamfuta ko injin wanke hoto da bai san shi ba. Dabararsa ta rage nauyi ita ce ya zubar da wani ɓangare na bayanan hoton, wanda ido ba ya saurin kamawa, kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. Amma a nan mutane ke ruɗewa. Buɗe shi ka kalla ba ya rage masa komai, kwafe shi daga filash zuwa kwamfuta sau ɗari ma haka. Ɓarnar tana zuwa ne in ka buɗe, ka taɓa, ka sake ajiyewa, gobe ka maimaita. Kamar shadda ce, ba rataye ta ke kashe ta ba, yawan kai ta wanki ne.

Matsalarsa ta biyu ta fi damuna. JPEG bit 8 ne, wato kowane launi daga ja, kore da shuɗi yana da mataki 256 tsakanin duhu da haske. TIFF mai bit 16 yana da 65,536. A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba. Ka ɗauki ango a ɗaurin aure da ƙarfe sha biyun rana, sanye da farar babbar riga mai farin aiki a wuya, sannan ka yi ƙoƙarin rage hasken don aikin ya fito. A JPEG sau da yawa fari ne kawai za ka samu shimfiɗe, zaren ya ɓace. Haka sararin sama lokacin hazo, in ka ja launinsa da ƙarfi sai ka ga ya yi layi-layi maimakon ya tafi sumul.

TIFF ya girmi JPEG ma. Kamfanin Aldus ne ya fito da shi a 1986, ya koma hannun Adobe a 1994. Ko sau nawa ka ajiye ba ya zubar da komai, yana riƙe leyoyin da ka yi a manhajar Photoshop, wato gyare-gyaren da ka jera ɗaya bisa ɗaya a kan hoton, kuma manhajoji da yawa na buɗe shi. Kuɗin da kake biya nauyi ne. Kyamara mai megafiksil 24 tana ba da hoto 6000 da 4000. A TIFF mai bit 8 da ba a matse ba, hoto ɗaya MB 72 ne, mai bit 16 kuwa MB 144, tun kafin ka ɗora leya ko ɗaya. Wannan hoton a JPEG mai inganci bai cika wuce MB 10 zuwa 15 ba. Yi lissafi: biki guda, daga kamu zuwa kai amarya, hoto 500 a TIFF mai bit 16 ya tashi GB 72. Had dis mai TB 1 ba zai ɗauki biki 14 ba. In za ka matse shi, cikin hanyoyin matsewa da manhaja ke nuna maka lokacin ajiye TIFF akwai ZIP da LZW, zaɓi ZIP. LZW yana aiki a bit 8, amma a bit 16 wani lokaci ƙara wa fayil nauyi ma yake yi.

PSD da TIFF kusan wa da ƙani ne wajen inganci. Bambancin shi ne PSD ɗan gidan Photoshop ne, wasu manhajojin sukan buɗe shi rabi da rabi. Iyakar nauyin fayil ɗinsa GB 2, ta TIFF GB 4. Ni ina aiki a PSD in aikin bai ƙare ba, amma abin da zan ajiye shekara goma, TIFF nake ba amana.

PNG bar shi ga tambarin situdiyonka da zanen da ba ya son bango. HEIC na iPhone yana da sauƙin nauyi, sai dai ba kowace tsohuwar kwamfuta ke buɗe shi ba.

Akwai wanda ba ka ambata ba, kuma shi ne uwa: RAW, ɗanyen fayil ɗin da kyamara ke fitarwa, wato CR2 ko CR3 a Canon, NEF a Nikon, ARW a Sony. Matsayinsa matsayin nagetif ne a zamanin fim. Sai dai ka sani gyaran da ka yi a manhajar Lightroom ba ya shiga cikinsa, yana zaune ne a katalog ɗin manhajar ko a wani ɗan fayil mai suna XMP da ke gefensa. Ka kwashe RAW ka bar wannan, hoton zai koma yadda ya fito daga kyamara. DNG, wanda Adobe ya fitar a 2004, yana iya haɗiye gyaran a cikinsa.

Ga yadda nake yi. RAW na hotunan da na zaɓa ina ajiye su tare da XMP ɗinsu, waɗanda ido ya rufe ko suka girgiza kuwa na goge ba tausayi. Kowane hoto da na gama ina fitar da JPEG ɗinsa a cikakken girma, inganci 90 cikin 100 zuwa sama, launi sRGB, wato tsarin launin da wayoyi da kwamfutoci suka saba da shi, kuma ba na sake taɓa shi. TIFF sai ga ƴan tsirarun da na ɓata sa'o'i a kansu, irin na ango da amarya da za a saka a firam. A biki guda da wuya su kai goma.

Ban koyi wannan da daɗi ba. Wata hajiya ta dawo bayan shekara uku, mahaifinta ya rasu, tana son a faɗaɗa hotonsa da na ɗauka ranar Sallah. Had dis ɗina guda ɗaya ya riga ya mutu, abin da ya rage sai wanda na taɓa tura mata ta WhatsApp, wanda ya matse shi ya rage girmansa. Da aka wanke, rawanin ya yi dishi-dishi, gemun ya zama kamar auduga. Ta karɓa ta yi godiya, ni kuwa kunya ta hana ni karɓar kuɗi.

Saboda haka kafin ka sayi wani sabon gilashin kyamara, sayi had dis na biyu, ka ajiye shi a gida, ba a shago ɗaya da na farko ba. In kuma za ka tura wa kwastoma ta WhatsApp, tura a matsayin dokumen, don kada ya matse shi.