Hattara da mai tallan tabar Kuba a WhatsApp

Salamu alaikum 'yan'uwa na Nima da Mamobi. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallan tabar Kuba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye zalla. Ba don sha yake sayar maka ba, wai jari ne: ka sayi kwalin Cohiba, wato wani sanannen samfurin tabar, da akwatin ajiya, ka ɓoye a ɗaki shekara 2, taba ta tsufa, shi kuma ya dawo ya saye ta ninki biyu. Ƙanena, wanda ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, ya tura masa kuɗin adashinsa ta MoMo.

Gaskiya ne wannan taba tana ƙara daraja idan ta daɗe, da wannan ƙugiyar yake kama mutane. Sai dai tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da zafin da bai wuce digiri 21 ba, dare da rana. Wane ɗaki ne a Ankara yake haka? Da damina iskar teku ta jiƙa komai, da hunturu ganye ya bushe ya tsage, ga dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ko da kana da na'urar sanyaya ɗaki. Zafi kuwa shi ke ƙyanƙyashe ƙwan ƙwaron taba, ya huda ta kamar wake a buhu.

Akwatin kirki da katakon sida ake shimfiɗe cikinsa. Na ƙanena falanki ne aka shafa wa fenti, yana warin gam. Ma'aunin danshin da ke jiki ma na ado ne. Mun sa shi a leda da jiƙaƙƙen gishiri a murfin kwalba, muka ɗaure ya kwana. Mai kyau zai nuna 75, wannan allurarsa ko motsi ba ta yi ba.

Tabar ma jabu ce. Kwalin mai murfin gilashi ne, Cohiba kuwa ba ta fitowa a irinsa. Na gaske yana da koren hatimin gwamnatin Kuba mai lamba, wadda ake dubawa a shafin Habanos, kamfanin da ke sayar da tabar Kuba, a gindinsa kuma akwai tambarin wata da shekarar da aka cika shi. Da muka tsaga ɗaya, maimakon dogayen ganye sai ga ɓarɓashi da ƙura.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan wata 3 fumfuna ta fito, yaron ya aika wa mai tallan hoto, sai mutumin ya ce: "Alhaji, barka! Alamar tabar ta nuna ke nan, ƙaro kwali ɗaya kafin farashi ya hau." Saura kaɗan ya ƙara. Ranar da ya ce a zo a sayi na farkon, aka toshe lambarsa.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar MoMo. Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya goge saƙonnin, ya adana su.