Gilashin da zai tare zafi ya bar sabis ya shigo: wanne za a saya a Akra?

Duk mai shago a Nima ko Madina da tagarsa ke kallon yamma ya san yadda rana ke gasa ɗaki bayan azahar. Kusan rabin ƙarfin hasken rana infirared ne, wanda ido ba ya gani, shi masu sayar da ledar gilashi ke alkawarin tarewa. Sai dai sabis ɗin waya ma ta wannan tagar yake shigowa.

Leda mai shafen alminiyam ko azurfa tana korar zafi sosai, amma ƙarfe ba ruwansa da bambanta zafi da sigina. Gilashin Low-E, wato mai siririn shafen azurfa da ke korar zafi, kan rage sigina da desibel (ma'aunin raguwar sigina) 20 zuwa 30, kuma 30 ɗin na nufin kashi 1 cikin 1,000 ne ke ratsawa. A ginin kankare, sai kiran MTN ko Telecel ya riƙa yankewa, MoMo ya maƙale. Kusa da teku kuma iskar gishiri tana cin azurfar daga gefe in ba a liƙe bakin ledar ba.

Ledar seramik ba ta tare sigina, ita muka fi ba da shawara duk da tsadarta. Sai dai shanye zafi take yi, gilashin kan ɗau zafi, wanda bakinsa ya ɓantare yana iya tsagewa. A duba gefuna kafin a manna.

Mai babban gini yana iya neman gilashin da aka tsaga shafensa da leza zuwa ƙananan murabba'ai. Zangon igiyar sabis ɗin waya ta megahaz 1800 ya kai santimita 17, tana bi ta tsagun ta wuce, infirared kuwa ya ci karo da azurfa ya koma. WAVETHRU na kamfanin gilashi na AGC haka yake aiki.

Gilashi mai sauya hali kuwa, wato metasafes ɗin da kamfanin sadarwa na Japan NTT Docomo da AGC suka gwada a 2020 kan gigahaz 28, matsa gilashinsa ake yi ya bar sigina ta wuce ko ya mayar da ita. Wannan aikin kamfanonin sadarwa ne, kada a jinkirta gini dominsa.

Kafin a biya, a nemi takardar da ta nuna SHGC, wato kason zafin rana da ke ratsa tagar, ya zama ƙasa da 0.4 ga tagar yamma. A manna ledar a taga ɗaya, a rufe ƙofa, a karanta dBm, wato ƙarfin sigina, a saitin SIM na Android kafin da bayan mannawa. In ya faɗi daga -85 zuwa -105, a mayar wa mai ita.