Zaɓen Lauya Ga Kamfani Mai Zaman Kansa da Mamallakinsa

A kamfanin da mutum ɗaya, ko iyali, ko abokan kasuwanci kaɗan suka mallaka, dukiyar kamfani da ta mai shi sukan cakuɗe, alhali a idon doka kamfani mai rajista daban yake da wanda ya kafa shi. Saboda haka kafin a ɗauki lauya, a fara tantance wanda zai wakilta. Lauyan kamfani, kamfanin yake yi wa aiki, kuma ranar da masu hannun jari suka saɓa, ko magada suka fara ja-in-ja, ba zai iya tsaya wa ɗayansu a kan sauran ba.

Babban ofishin lauyoyi yana tara masana haraji, kwangila, kadarori da shari'a wuri guda, kuma ya fi dacewa idan ana shirin sayar da kamfani ko akwai dukiya a ƙasa fiye da ɗaya. Sai dai yana da tsada, galibi ana biyansa gwargwadon awannin aiki, kuma babban lauyan da aka tattauna da shi ranar farko ba lalle ne shi zai riƙa yin aikin ba. Ya kamata a nemi sunan wanda zai riƙe aikin a rubuce.

Ƙaramin ofishi da ya ƙware a harkar kamfanonin iyali ya fi sanin mai dukiya da halin gidansa, kuma a ganina shi ya fi amfani wajen wasiyya, tsarin gado da yarjejeniyar masu hannun jari, wadda ke fayyace wanda zai sayi kason abokin da ya rasu ko ya fita, da yadda za a ƙiyasta kuɗinsa. Rauninsa ƙarancin hannu ne idan babbar shari'a ta taso.

Lauyan cikin gida mai albashi kuwa, wato wanda kamfani ke ɗauka a matsayin ma'aikacinsa, ba a buƙatarsa sai idan kwangiloli sun yawaita har aikin ya zama na kullum.

Mafi yawan attajirai za su fi samun kwanciyar hankali da lauyoyi biyu, ɗaya na kamfani, ɗaya na kansu. Kowanne aka zaɓa, takardar ɗaukarsa ta bayyana iyakar aikin, yadda za a biya, ko da awa ko da jimilla, da abin da zai yi idan muradin kamfani ya ci karo da na mai shi.