Ka gama injiniyan jiragen sama kana son aikin motocin tsere: wace hanya za ka saka kuɗinka?

Bari in fara cire wani ruɗani, wannan magana ba ta tuƙi ba ce. Direbobin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, tun suna shekara 6 ko 7 iyayensu suke zuba musu kuɗi a tseren ƙananan motoci, digiri ba ya kai mutum kujerar nan. Maganar da muke ita ce ta masu zana motar da gwada ta, kuma a nan wanda ya karanta jirgin sama yana da babban rabo, domin fiffiken motar tsere fiffiken jirgi ne aka kifa, shi jirgi iska ta ɗaga shi sama, ita mota iska ta danne ta ƙasa don ta sha kwana da gudu. Adrian Newey da ake ta zuzutawa, wanda ya zana motocin Williams da McLaren da Red Bull kafin ya koma Aston Martin a 2025, abin da ya karanta kenan a Jami'ar Southampton, ya gama a 1980.

To amma fa aikin ba ko'ina yake ba. Yawancin tim-tim ɗin Formula 1 suna cunkushe ne a wani yanki na Ingila, Mercedes a Brackley, Red Bull a Milton Keynes, Williams a Grove, Alpine a Enstone, Aston Martin a Silverstone, McLaren can Woking. Sai Italiya, Ferrari a Maranello da Racing Bulls a Faenza. Don haka in ka gama a AFIT, makarantar sojan sama ta Kaduna, ko KWASU, jami'ar jihar Kwara, ko ma a Turkiyya ko Malesiya, tambayar gaskiya ita ce wace hanya za ta ajiye ka kusa da ƙofar waɗannan masana'antu da takardar izinin aiki a hannu, sunan makarantar da ke jikin satifiket daga baya yake zuwa.

Zaɓi na farko kuma mafi tsada shi ne mastas na shekara 1 a Ingila. Makarantu uku ne sunansu ke yawan fitowa kuma ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Southampton tana da kwas na musamman kan tafiyar iska a jikin motar tsere, tana da nata babban ramin gwajin iska, inda ake hura wa samfurin mota iska a auna, mai sunan R. J. Mitchell, in dai burinka sashen iska ne kuma lissafin ruwa da iska bai taɓa ba ka tsoro ba, ni ita zan nuna maka, don ɗorawa za ka yi kan abin da ka riga ka sani. Cranfield kuwa asalinta ma kwalejin jiragen sama ce da aka kafa a 1946, har filin jirginta gare ta, kwas ɗinta na injiniyan motocin tsere ya fi faɗi, ana taɓa taya da sasfenshan da kayan kabon da inji, ga aikin rukuni da ake gabatarwa gaban mutanen masana'anta, kuma tana nan dab da Milton Keynes. Ta fi dacewa da wanda bai yanke shawarar sashe ba, ko wanda yake son cike giɓin abin da karatun jirgi bai koya masa ba, wato yadda taya ke kama kwalta. Oxford Brookes ta fi sauƙin kuɗi a cikin ukun, ƙarfinta yana wajen aikin hannu da tim ɗinta na gasar ɗalibai, kuma tsofaffin ɗalibanta sun cika masana'antun yankin.

Kuɗin makaranta ga baƙo yana kamawa daga wajen fam 18,000 zuwa sama da fam 30,000, ban da haya da abinci da kuɗin biza da na inshorar lafiya, ka buga wannan da canjin naira na yau ka ji yadda kanka zai yi. Kuma shekara 1 ɗin nan gajeriya ce ƙwarai, za ka sauka a Satumba kana fama da sanyi da neman ɗaki, alhali a daidai lokacin ne tim-tim suke buɗe guraben sabbin injiniyoyi na shekara mai zuwa, wanda bai je da takardunsa a shirye ba sai ya farga an rufe. Wasu kwasa-kwasan da suka shafi jiragen sama kuma sai ka samu takardar tantancewa ta ATAS kafin biza, tana cin lokaci. Bizar zama bayan karatu shekara 2 ce, amma gwamnatin Birtaniya ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Mai iyali ma ya sani, tun Janairun 2024 ɗalibin irin wannan mastas ba ya tafiya da mata da yara.

Skolaship fa? A nan mutane ke faɗawa rami. Chevening, skolaship ɗin gwamnatin Birtaniya, tana biyan komai, amma sharaɗinta ka dawo gida na aƙalla shekara 2 bayan gamawa, kuma dama an yi ta ne don wanda zai dawo ya yi wa ƙasarsa aiki. Kai kuma aikin da kake nema yana Brackley. Ka ga abin bai haɗu ba, kar ka karɓi amanar mutane da niyyar karya ta. Akwai tallafin da gidauniyar direban Formula 1 Lewis Hamilton, Mission 44, take bayarwa tare da Royal Academy of Engineering ga baƙaƙen fata masu mastas a wannan fanni, sai dai ka karanta sharuɗɗan zama a ƙasar da kyau kafin ka sa rai.

Zaɓi na biyu Italiya, kuma gaskiya ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. A 2017 jami'o'in yankin Emilia-Romagna suka haɗa kai da kamfanoni irin su Ferrari, Lamborghini, Ducati da Dallara suka kafa MUNER, mastas ne na shekara 2 da Turanci, akwai reshen zana motar tsere da ake yin wani ɓangarensa a harabar Dallara, kamfanin da ke ƙera motocin Formula 2 da Formula 3 da IndyCar. Kuɗin jami'ar gwamnati a can ya danganta da ƙarfin samun iyalinka, bai ko kama ƙafar na Ingila ba. Matsalar ita ce kujerun kaɗan ne ana tacewa sosai, harkar takardu da ofishin jakadanci sai mai haƙuri, kuma duk da aji da Turanci ne, a cikin masana'anta da Italiyanci ake hira, in ba ka koya ba za ka zama ɗan kallo. Amma shekara 2 ɗin tana ba ka abin da Ingila ba ta bayarwa, wato lokacin shiga tim ɗin ɗalibai ka gina mota tun daga zane har titi.

Wannan gasa ta ɗalibai, Formula Student, wadda ake yi a Ingila tun 1998, kar ka raina ta. Masu ɗaukar aiki sun gaji da ganin sakamako mai kyau, kowa da shi yake zuwa, abin da suke tambaya a intabiyu shi ne wane ɓangare ka zana, me ya karye, ya ka gyara. In makarantar da kake dubawa tim ɗinta ba ya karɓar 'yan mastas, wannan babban dalili ne na sauya shawara.

Akwai kuma karatu ta intanet, irin na National Motorsport Academy. Yana da araha kuma kana zaune a gida, amma ba biza ba makwabtaka da masana'anta, ya fi amfanar makanike ko injiniyan da ya riga ya shiga harkar yana son takarda. Ga wanda ke Kano ko Zariya yana neman ƙofar shiga, ban ga abin da zai saya da kuɗinsa ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta bayan gida, ba kwas ba ce. Ka kama aiki a kamfanin jiragen sama ko na motoci ko masu kawo wa tim-tim kaya, irin Xtrac masu giya, AP Racing masu birki, Cosworth masu inji, ko ka shiga Formula E, tseren motocin lantarki, ko tseren juriya irin na Le Mans, ka yi shekaru kaɗan ka ƙware a abu guda sannan ka tsallaka. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne tun 2021 aka sa wa tim-tim iyakar kashe kuɗi, an fara da dala miliyan 145, kuma an ƙayyade musu lokacin ramin iska da na gwajin kwamfuta, wanda ya zo na ɗaya shi ke samun mafi ƙaranci. Samfurin da ake gwadawa ma ba ya wuce kashi 60 cikin 100 na girman motar. Kenan ba su da sararin ɓarnar gwaji, suna son wanda ya iya CFD, wato gwajin tafiyar iska a kwamfuta, ko kayan kabon ko rubuta manhaja da Python da MATLAB tun ranar farko. Wani abin daɗi ga baƙo, yawancin ayyukan jiragen yaƙi da makamai sai ɗan ƙasa saboda tantancewar tsaro, motar tsere ba ruwanta da wannan, bizar aiki kawai take buƙata.

Ka san kuma abin da kake saya. Albashin farko bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da awannin da ake yi, ramin iska ma kwana ake yi ana karɓa-karɓa, kuma cikin ɗaruruwan ma'aikata 'yan kaɗan ne ke bin motar zuwa tsere sama da 20 na shekara, sauran suna masana'anta gaban kwamfuta. In aljihunka ba nauyi ka fara da Italiya, in akwai mai ɗaukar nauyinka kuma iska ce sana'arka to Southampton, in kana son faɗi Cranfield. Kafin ka biya ko sisi, sauke OpenFOAM, manhajar gwajin iska a kwamfuta, kyauta ce, ka zana fiffiken gaba ka gwada shi a kusurwa daban-daban ka rubuta rahoto mai shafi 4 ko 5, sannan ka hau LinkedIn ka duba waɗanda suka gama kwas ɗin da kake so cikin shekaru 3 da suka wuce, musamman baƙi masu buƙatar biza irinka, ka ga ina suke aiki yanzu.